Hannun Iya Nimbi

Da sunan Wanda ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya shimfiɗa ƙasa ba da turaku ba, ya saka ƙashi cikin tsoka, ya ɓoye ɓargo cikin ƙashi. Bayan haka, ku gyara zama ku ji abin da ya same ni a ƙasar da fataken garinmu ba su taɓa takawa ba. Ni ne Mati ɗan Nomau, mutumin Tudun Gawasa, wanda ya bar gida da sanda ɗaya da burgami ɗaya don neman ilmin ɗori.

Ubana maɗori ne. Ya rasu ina da shekara ashirin da biyu, bai gama zuba mini abin da ke hannunsa ba. Na iya gyaran targaɗe, na iya karayar hannu in ta zo da sauƙi. Amma da aka kawo mini wani manomi da ya faɗo daga kan rumbu, na ɗaure shi iya sanina, ya tashi ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Kullum ya wuce ƙofarmu yana ɗingishi sai ya gaishe ni da fara'a, gaisuwar nan kuwa ta fi mini zagi ciwo. Ana nan sai wani baƙon falke ya ba ni labarin Birnin Kalmazar, can ƙarshen gabas, inda ya ce akwai wani maɗori mai suna Kanzul wanda ko ƙugu ne ya dagargaje sai ya mayar da shi. Ban ƙara damina a gida ba.

Wata bakwai ina tafiya. Na ratsa Rairayin Madubi, inda yashi ke ƙyalli har mutum ya ga fuskarsa dubu kewaye da shi, ya bi ɗaya daga ciki ya ɓata. Can sai da muka ɗaure idanunmu da baƙin ƙyalle, kowa ya riƙe jelar raƙuminsa, don raƙuman wurin makafi ake haifarsu, hanci ne ke ja musu gora. Daga nan muka shiga wani kwazazzabo da ke riƙe magana kwana guda kafin ya mayar. Muna tafe muna jin muryoyin ayarin jiya, wani na neman takalminsa, wani na zagin jakinsa. Cikin hayaniyar muka ji wata mace tana kuka tana cewa ruwan rijiyar gaba ya kashe mata awaki. Muka wuce rijiyar nan da ƙishi, ba wanda ya ko leƙa ta. A wannan ayari na koyi harshen mutanen gabas, wajen wani mai sayar da kanwa da ba ya gajiya da surutu.

Kalmazar a kan dutse take, ganuwarta fara fat. Masu birnin ana ce musu Dalmawa, saboda fatarsu fara ce mai sheƙi kamar dalma. Da na isa babbar ƙofa, mai gadi ya tsayar da ni, ya dube ni sama da ƙasa, don bai taɓa ganin baƙin mutum ba. Ya ɗauko farin ƙyalle ya naɗa a kan sanda, ya goga mini a dantse da ƙarfi, ya ɗaga ya duba. Da ya ga ba abin da ya fito, ya ce ni ba Bashune ba ne, baƙo ne kawai, ya ɗaura mini farin zare a wuyan hannu ya ce in shige.

Ban gane nufinsa ba sai da na shiga gari. Kowane titi na birnin nan yana da lambatu a gefe, cikin lambatun kuwa ga mutane suna tafiya, ruwan wanke-wanke har idon sawunsu. Fatarsu shuɗiya ce mai duhu kamar turkuɗi. Su ne Shunawa. Ba su da yawa, kuma duk unguwa ɗaya aka tara su, can gangare inda ƙazantar birni ke taruwa kafin ta fita, ana ce mata Unguwar Rariya. Su ke jima, su ke rini, su ke yo itace. Ba sa taka tsakiyar titi. Ba sa bin babbar ƙofa, suna da tasu ƙarama wadda sai mutum ya durƙusa. Alƙali ba ya jin maganarsu. Wanda ya taɓa jikin Badalme daga cikinsu, hannun da ya yi taɓin ake sarewa. Na tambayi mai masaukina dalili, ya ce launinsu zuba yake yi, in ya hau mutum ba ya fita. Na ce ya taɓa ganin wanda ya hau? Ya ce a'a, ai saboda ana kiyayewa ne.

Ba zan ɓoye muku ba, abin ya dame ni kwana uku, daga nan na saba. Tsakiyar titi busasshiya ce, kuma farin zaren nan yana buɗe mini kowace ƙofa.

Kanzul ya karɓe ni. Dogo ne, mai tattausar murya, hannayensa kullum cikin turare. Ya ce zai koya mini, amma sai na yi haƙuri. Wata huɗu ina daka magani, ina feƙe karan ɗori, ina shara. In an kawo mai karaya, sai a shigar da shi ɗakin ƙurya, a ba shi banju ya sha har barci ya kwashe shi, a rufe masa fuska da mayafi, sannan Kanzul ya kori kowa ya kulle ƙofa. In ya buɗe, sai a tarar ƙashi ya koma mazauninsa kamar bai taɓa gocewa ba. Duk lokacin da na roƙi ya bar ni in tsaya, sai ya ce da saura.

Akwai wata tsohuwa Bashuniya da ke kawo itace bayan gidan kowace safiya. Gajeruwa ce, ta ɗan ranƙwafa, ba ta magana. Wata rana na fito da turmi na same ta zaune a bakin ƙofar madafa tana hutawa, na daka mata tsawa na ce ta matsa kada ta shafe ni. Ta ɗago ta dube ni, ta tashi ta koma gindin itacenta. Ban ko sake tunawa da abin ba.

A wata na biyar aka kawo wata mata da ƙugunta ya goce. Aka kore mu kamar kullum. Ni kuwa na manta wuƙar fiƙata a rumbun magani, wanda bango ɗaya ya raba shi da ɗakin ƙurya. Ina cikin laluba sai na ga haske ta wata tsaga, na kafa ido. Kanzul na tsaye jikin bango, hannayensa a bayansa. Wata ƙaramar ƙofa ta buɗe ta wajen itace, tsohuwar nan ta shigo. Ta wanke hannu, ta durƙusa, ta rufe idanunta, ta bi ƙugun matar da yatsunta a hankali kamar mai karatu. Can ta sa gwiwa, ta ja, ta murɗa. Na ji ƙas daga inda nake. Ta ɗaure, ta fita ta inda ta shigo. Kanzul ya shafa mai a hannu, ya yamutsa rigarsa, ya buɗe babbar ƙofa yana haki.

Washegari na jira ta a wajen itace. Na durƙusa na gaishe ta, na ce mata Iya, na gaya mata abin da na gani da abin da ya fito da ni daga garinmu. Ta gama kwance igiyar itacenta tukuna. Sannan ta ce, "Ba kai ne ka ce in matsa kada in shafe ka ba?"

Na ce ni ne.

Ta miƙo hannu ta kama dantsena, ta murza da ƙarfi, ta saki. Ta ce in duba. Na duba, ba komai. Ta ce sunanta Nimbi, shekara ashirin da ɗaya tana yi wa Kanzul wannan aiki, kafin shi kuma uwarta ta yi wa ubansa. Ta ce ba don ni za ta koya mini ba, sai don 'ya'yanta duk sun mutu, kuma ba ta son abin ya bi ta kabari.

Koyarwarta daban ce da duk wadda na sani. Ta fasa ƙwarya ta zuba sakainun cikin burgamina, ta cika shi da dusa, ta ɗaure baki. Ta ce in haɗa ƙwaryar daga waje, da yatsu kawai. Kwana arba'in ina fama a bayan tarin itace, ita tana zaune tana tauna goro, in na yi gaggawa ta buge mini hannu da kara. Ranar da ta kwance burgamin ta ga ƙwarya ta haɗu saura sakaina ɗaya, ba ta yabe ni ba. Ta sake fasawa ƙanana-ƙanana ta mayar. Amma daga ranar ta daina ce mini baƙo, ta koma kirana da sunana.

Sai ga ranar da komai ya lalace. Barzak, Barden birni, shugaban masu gadin ƙofofi, ya zame daga matakalar ganuwa ya karya cinya. Ƙato ne, banjun da aka ba shi bai kai masa ba. Ina maƙale a tsagar nan ina kallo, Iya na tsakiyar ja, sai ya farka ya fizge mayafin, ya ga shuɗin hannu a kan cinyarsa. Ya kurma ihu. Kanzul ya daskare a jikin bango. Iya ba ta saki ba. Ta ce masa, murya ƙasa-ƙasa, in ta saki yanzu gurgu zai mutu, ya bari ta gama sannan ya yi abin da ya ga dama. Zafi ya hana shi motsi, ta gama, ta ɗaure. Kafin ta miƙe dogarai sun ɓalle ƙofa.

Kanzul ya rantse bai san ta ba. Ya ce ya juya ɗauko magani ne ta faɗo ɗakin. Aka tafi da ita kurkuku da igiya a wuya, don ba mai son sa mata hannu. Aka sa shari'a jibi, kowa kuma ya san hukuncin tun kafin a zauna: hannu biyu ta sa, hannu biyu za a sare.

Da farin zarena na sami shiga wurinta da rana, da sunan kai abinci. Na same ta zaune tana murza yatsunta. Na ce zan je in faɗi gaban alƙali in roƙa, in gaya masa alherin da ta yi wa birnin nan. Ta ce kada in soma, roƙo bai taɓa fitar da Bashune daga wannan ɗaki ba. Ta ce bakinta ba a jin sa a kotu, nawa kuwa na baƙo ana jin rabi, to rabin nan ya isa in na faɗi abin da za ta gaya mini, ban ƙara ba, ban rage ba. Ta yi ta faɗa ina maimaitawa har mai gadi ya buga ƙofa. Da zan fita ta ce in na ji tsoro in fasa, ba za ta riƙe ni a zuci ba, don wanda ya faɗi irin wannan magana ba zai ƙara kwana lafiya a Kalmazar ba.

Na ji tsoron kuwa. Amma ranar shari'a na je. Zauren ya cika da manyan gari, an kawo Barzak a kan makara ya ba da shaida, an tsayar da Iya can waje cikin rana inda ba za ta ji ba. Alƙali tsoho ne mai kaifin ido. Yana shirin yanke hukunci na ɗaga hannuna mai zare na nemi izini.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni baƙo ne, ban san dokarku ba. Na ji hukuncin wanda ya taɓa. Ina so a sanar da ni hukuncin wanda aka taɓa."

Alƙali ya kafa mini ido. Magatakardansa, wanda bai hango inda maganar ta nufa ba, ya buɗe littafi ya karanta da ƙarfi: duk Badalmen da hannun Bashune ya sauka a fatarsa, zai fita bayan ganuwa kwana arba'in, kuma ba zai ƙara riƙe sarauta ba har ya mutu. Tsohuwar doka ce, an daɗe ba a yi aiki da ita ba, don ba wanda ke yarda an taɓa shi. Na ga Barzak ya ɗago kai daga makara.

Na ci gaba. Na ce tsohuwar da ke waje ta ba ni saƙo. Tana gaida Alƙali, tana tambaya ko allon kafaɗarsa na hagu yana yi masa ciwo har yanzu in hadari ya haɗu, don shekara tara da suka wuce gida biyu ya karye, da ɗan tsinin ƙashi da sai da aka juya shi da babban yatsa. Tana gaida uwargidan Ma'aji da idon sawunta. Tana gaida Sarkin Kasuwa da haƙarƙarinsa uku na dama. Na ambaci mutum goma sha ɗaya, kowa da ƙashinsa da shekararsa, na ce ta ce akwai saura in ana so.

Na ga wani dattijo ya kai hannu gwiwarsa, ya yi maza ya janye. Kanzul ya buɗe baki, alƙali ya harare shi, ya rufe.

Barzak ne ya fara magana. Ya ce yanzu da ya natsu ya tuna banju yana sa mafarki. Ya ga shuɗin hannu, gaskiya ne, amma a lokacin ya kuma ga rufin ɗakin ya zama kifi. Ba zai iya rantsuwa an taɓa shi ba. Alƙali ya karɓe maganar tun kafin ta gama fita. Ya ce tunda ba a taɓa kowa ba, babu hannun da za a sare. Maganar baƙo kuwa rabin magana ce, ba za a rubuta ta ba. A saki tsohuwa.

Na fito na same ta ana kwance mata igiya. Ta dubi fuskata ta gane. Ta ɗaga hannayenta biyu ta dube su gaba da baya, ta sa su cikin zanenta, ta sauka lambatu ta nufi gida.

Da na koma gidan Kanzul ɗaukar burgamina, na ji bugun guduma a ɗakin ƙurya. Na leƙa ta tsagar da na saba. Maƙeri ne ke kafa zoben ƙarfe a bango, ga sarƙa a ƙasa. Kanzul na gaya wa barorinsa cewa gobe a kamo tsohuwar duk inda take, daga yau a nan za ta zauna, ba mai ƙara ganinta. Baƙon kuma a kai shi kan ganuwa ya ga gari, matakalar nan da ma santsi gare ta. Na bar burgamin, na fita ta wajen itace, na gangara Unguwar Rariya da rana tsaka, mutane na kallona.

Iya ba ta yi mamaki ba. Ta ce da ma ta san Kanzul ba shi da komai in ba ita. Ta aika aka kira ƙanenta Walko, marini ne, mai faɗin kafaɗa da yawan dariya. Suka yi shawara a gabana. Fita dole, kuma hanya ɗaya ce: ƙaramar ƙofa, da safe, lokacin da ake sakin masu zuwa itace. Ita ba wuya. Ni ne matsala, don ni kaɗai ne baƙin mutum a birnin. Walko ya kewaya ni yana dubawa kamar zane, ya ce ya rina abin da ya fi ni taurin kai. Ya dama shuni da toka da man kaɗanya, ya tsinke farin zaren ya jefa cikin karofi, ya shafe ni tun daga goshi har tafin ƙafa, ya sa ni a rana, ya sake shafawa, sau uku. Matan unguwa suka taru suna dariya, wata ta ce na fi kyau haka. Ni ma na dara, rabona da dariya tun ranar da aka kama Iya.

Washegari da hantsi muka fito. Tsofaffin matan unguwar kaf suka ɗauki gammo da igiya, har waɗanda suka shekara goma ba su je itace ba. Kowace ta naɗe hannayenta da tsumma kamar yadda masu shiga ƙaya ke yi. Na sauka lambatu karo na farko. Ruwan yana da sanyi da yauƙi, ga wari. Muka wuce mai sayar da ruwan da kullum nake wasa da shi, na ɗan matsa kusa da gefe ban sani ba, ya tofa mini yawu a wuya ko fuskata bai duba ba. Na bar shi ya bushe a wurin.

Kanzul na bakin ƙaramar ƙofa da barori shida, ya toshe hanci da ƙyalle. Ya tsayar da mu, ya ce Nimbi ta fito. Ba wadda ta motsa. Ya bi layi yana duban fuskoki. Iya na gabana, mutum uku tsakaninmu. Ya zo kanta, ya dube ta, ya wuce. Shekara ashirin da ɗaya suna ɗaki ɗaya. Ya nuna wata doguwa da sanda, wani bara ya ce yana jin Nimbi ta fi wannan gajarta. Ya nuna wata, ita kuma ido ɗaya gare ta. Da ya zo kaina na sunkuyar da kai, don ko ƙyalle aka goga mini asirina ya tonu, amma ba wanda zai kusanci Bashune har ya goga masa wani abu.

Can sai ya tsaya, ya yi tunani, ya ce kowace ta kwance hannunta. Fuskarta ce bai sani ba, hannun kuwa ya fi kowa saninsa. Matan suka fara kwancewa, amma a hankali, wannan ƙulli ya ƙi, waccan haƙori take sawa, wata ta zauna ƙasa tana kukan baya. Layi ya toshe hanya, masu jakai suka taru suna zage-zage. Ya duba mace biyar, saura huɗu ya kai ga Iya, sai ga babban mai gadi ya sauko daga kan ganuwa. Ya ce Barde Barzak ya aiko tun asuba cewa kada a tsare ƙofar nan yau ko na ɗan lokaci, duk mai fita ya fita. Kanzul ya fara gardama, mai gadin ya sa mashi ya tura barorinsa gefe. Ba don tausayi Barzak ya yi ba, na sani. So yake tsohuwar da ta san cinyarsa ta yi nisa da birnin. Mu dai ba mu tsaya bincike ba. Na durƙusa na rarrafa, dutsen ƙofar ya goge mini baya, na fita na ga fili da sararin sama.

A bakin daji muka rabu da sauran. Su za su koma da itace kafin la'asar, kamar ba abin da ya faru. Walko ma komawa zai yi, yana da mata da 'ya'ya a ciki. Shi da Iya suka zauna a kan wani kututture, ta kama hannunsa tana bin gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya. Da ya tashi ya ce mini, "Ka riƙe mini yayata. Ba ta cin abu mai yaji, kuma ba za ta gaya maka ba."

Kwana shida muka yi a hanya, inda ƙafarta ta gaza in goya ta. Ran na bakwai muka gangaro Tafkin Gundumi, wanda tun tana yarinya take jin labarinsa ba ta yarda akwai shi ba. Ruwa ne iyakar ganin ido, a kansa tsibirai na ciyawa suna yawo, da bukkoki da awaki da gonakin albasa a kansu. In iska ta juya, unguwa guda sai ta tashi ta koma wani gefe, mai son ziyarar surukinsa sai ya jira iskar yamma. Mazauna wurin jikokin Shunawan da suka gudo ne tun da daɗewa, da wasu irin mutane da ruwa ya kawo. Wani masunci ya ɗauke mu a kwalekwale, bai tambaye mu komai ba sai ko mun ci abinci. Aka ba mu bukka. Iya ta sha romon kifi, ta kwanta, ba ta farka ba sai bayan kwana biyu. Na yi ta kai kunne hancinta ina jin numfashi. Da ta tashi ta zauna bakin ruwa ta miƙe ƙafafu, ta ce ashe haka barci yake.

Shunin Walko wata biyu ya yi kafin ya bar jikina. Yana gama fita, wata rana da yamma, sai muka hango mutum uku a gaɓa suna ɗaga hannu, da na huɗu kwance a ƙasa. Fatarsu na sheƙi a rana. Dalmawa ne, masu fasa dutse, 'yan uwan juna. Ƙanensu dutse ya danne wa kafaɗa. Sun kai shi gidan Kanzul ya ɗaure shi, hannun ya kumbura ya fara mutuwa, sai wata mai itace ta raɗa musu inda za su zo.

Mutanen tafki suka taru, da yawa suka ce a bar su nan gaɓa su ɗanɗana. Wani dattijo ya ɗaga dungulmin hannunsa, ya ce shi a Kalmazar ya baro sauran. Iya ta dube shi ta ce ya yi gaskiya, kuma ba za ta ce kowa ya tuƙa kwalekwalensa ba. Ta juyo ta ce mini in ɗauko namu.

Da muka isa, babban wansu ya rasa yadda zai yi da kansa. Ya tsaya, ya durƙusa, ya sake tsayawa, daga bisani ya ce, "Iya, ga shi." Ta tsuguna ta shafa kafaɗar, mai ciwon ya runtse ido amma bai janye ba. Sai ta ja da baya ta zauna a kan ciyawa, ta ce yau hannunta ya gaji, Mati ne zai yi.

Na ce Iya, ban taɓa gwada abin da kika koya mini a jikin mutum ba. Ta ce ta sani.

Na wanke hannu. Na rufe ido na bi wurin da yatsu. Da fari kumburi kawai nake ji, da bugun zuciyata. Can sai ƙashin ya bayyana mini ƙarƙashin tsoka, na ji kan da ya fita daga gurbinsa, na ji inda Kanzul ya danne shi a karkace. Na sa 'yan uwansa suka riƙe shi, na kafa ƙafa a hammatarsa, na ja a hankali, na ci gaba da ja har gumi ya rufe mini fuska, sannan na murɗa. Ya yi ƙara ɗaya, ya yi shiru. Muka zuba wa hannun ido. Jim kaɗan yatsunsa suka motsa, ɗaya, sannan duka. Wansa ya zauna daɓas a cikin laka yana share hawaye.

Iya ta matso ta duba ɗaurin, ta sa yatsa ƙarƙashinsa, ta ce na matse da yawa, in sassauta. Na sassauta. Ta ce to, a sa shi a kwalekwale, ba za a bar mai ciwo ya kwana a gaɓa ba, kuma ita yunwa take ji.

Iyakar abin da ya same ni a wannan tafiya ke nan. Abin da na gani na faɗa, abin da na manta Allah ya sani. Ya ba ku lafiyar gaɓoɓi, ya sauke kowane matafiyi inda zai yi barci.